Tambaya da Amsa: Wa ke taya furotin naɗewa?

Tambaya: Malam, wai da gaske furotin sai an taya shi naɗewa a cikin ƙwayar halitta? Abin fa ya ɗaure min kai.

Amsa: Wasu kam sai an taya su. Sabon furotin dogon zare ne, in aka bar shi sassansa masu gudun ruwa su manne da na wasu su dunƙule. Dubi GroEL na bakteriyar E. coli, wani furotin mai taya wasu naɗewa, zobe 2 ne kowanne da yanki 7, ya cafke sabon furotin ɗin, ATP, sinadarin da ke ba da kuzari a cikin ƙwayar halitta, na shigowa sai yankunan su murɗa su ɗago, murfin GroES ya rufe, ciki ya ƙara faɗi, bangon ya koma mai son ruwa. Furotin ya samu wajen daƙiƙa 10 shi kaɗai ya naɗe. Bai naɗu ba? A sake kama shi.