DJ ɗin da hannuwansa ke sama: kiɗa yake yi ko yaudara?

Assalamu alaikum. Ƙanena, ka ce ka ga bidiyon wani DJ a bikin Tomorrowland na ƙasar Beljiyam, hannuwansa biyu a sama kusan minti guda, kiɗa kuma bai tsaya ba, shi ne kake tambaya ko yaudarar mutane ake yi. Bari in gaya maka abin da idona ya gani, don na yi shekara huɗu ina haɗa wayoyi da lasifika a wuraren casu a Jamus lokacin da nake karatu.

Ɗaga hannun ba shi ne laifi ba. Dama aikin DJ ba buga ganga ba ne. Waƙoƙin an riga an naɗe su, nasa shi ne ya zaɓi wadda za ta biyo baya, ya daidaita gudunsu, ya shigar da wannan cikin waccan ba tare da ƙafar mai rawa ta yi tuntuɓe ba. Idan ya gama haɗin, sai ya samu sararin minti biyu ko uku. Ko maɓallin nan mai daidaita gudu da kansa, wanda kamfanin Pioneer ya sa wa CDJ, na'urarsa ta kunna waƙoƙi, a 2012, ni ban ɗauke shi ha'inci ba, duk da tsofaffin hannu sun yi ta ƙorafi.

Inda gizo ke saƙar shi ne mutum ya naɗo awa guda cur daga gida a filashi, ya danna sau ɗaya, sannan ya shiga murza maɓallan da ba sa aikin komai. Na taɓa tsayawa a bayan irin wannan. Layi ɗaya ne kawai a buɗe a mikisarsa, wato na'urar haɗa sauti, sauran ukun duk a ƙasa, amma su yake ta murzawa yana cizon leɓe kamar mai ɗaga buhu. Hedifon a wuya, jelar wayar tana reto ba a ma soka ta ba. A gaban dandamali kuwa wata yarinya ta rufe ido tana hawaye lokacin da kiɗan ya ɓarke, ita a ganinta dominsu ya sarrafa shi a wannan daren. Wallahi har yau abin yana tsaya mini a rai.

Maganar ta daɗe. A 2008 wani hoto ya bazu na Gaspard Augé, ɗaya daga cikin 'yan Faransan nan biyu na ƙungiyar kiɗa ta Justice, yana taɓa na'urar da wayarta ke cire. Ya ce zarewa ta yi kuma ya mayar da ita, amma zargin ya riga ya shiga zukata. A 2012 kuma deadmau5, wani shahararren makaɗin zamani ɗan Kanada, ya fito ya rubuta cewa masu wannan sana'a dukkansu danna maɓallin kunnawa suke yi, har da shi kansa, kuma wanda ya koyi manhajar haɗa kiɗa ta Ableton na ɗan lokaci zai iya abin da yake yi a dandamali. Abokan sana'arsa sun ji haushi, ni kuwa ƙimarsa ƙaruwa ta yi a idona. Ya faɗi dalili: a manyan bukukuwa fitilu da hotunan bango a ɗaure suke da agogon kiɗan, in ka kauce da daƙiƙa kaɗan komai ya watse. Wannan uzuri ne na gaske. To, a faɗa wa mai sayen tikiti mana!

Ka tuna mawaƙin da ke mamin a gidan biki. Kowa ya san waƙar daga lasifika take fitowa, shi baki yake bi, kuma ana yi masa liƙi da zuciya ɗaya, don ba a ɓoye wa kowa komai ba.

A Afrilun 2024 wata mawaƙiya mai suna Grimes, tana cikin aikin DJ, ta rikice a bikin Coachella na Amurka, waƙoƙinta suka riƙa fita da ninkin gudunsu, ta yi ta tsayawa tana bayani, daga baya ta nemi afuwa. An yi mata ba'a sosai, kuma rashin shirin nata ne. Amma ko a ranar na gaya wa abokaina, gara wannan sau goma, aƙalla mun san hannunta ne a kan na'urar.

In kana son ganewa, kada ka tsaya a bidiyo ɗaya. Nemi wasa biyu na mutum ɗaya a garuruwa daban, ka saurara. In jerin waƙoƙin da wuraren haɗin ba su bambanta ko da numfashi ɗaya ba, ka samu amsarka. Sannan ka kalli shirye-shiryen Boiler Room, da suka faro a Landan a 2010, inda kyamara ke kan DJ, jama'a kuma suna tsaye a kafaɗarsa. Ni yanzu in zan biya kuɗi, ƙaramin ɗaki nake nema, inda zan ga ya ɗago kai ya dubi masu rawa, ya ga sun fara sanyi, ya fasa waƙar da ya ɗauko ya nemo wata.