Ni ma an ce da ni fari ba tarihi ba ne

Wa'alaikis salam 'yar'uwa. Da na karanta cewa mai duba aikinki ya ce binciken fari ba tarihi ba ne, ki koma sashen jogirafi, wallahi sai da na ajiye wayar na yi shiru. Ni ma ta nan na bi.

Ranar da na gabatar da taken digirina na uku kan yunwar 1913 zuwa 1914, wadda tsofaffi ke kira Kakalaba, wani babban malami ya bari na gama tas, ya cire tabarau, ya tambaye ni ko ruwan sama ya taɓa yin sarauta da za a rubuta tarihinsa. Ɗaki ya kwashe da dariya, har da waɗanda muka ci tuwo tare daren jiya. Ina tsaye, takarda na rawa a hannuna. Babi na farko ya kwana wata bakwai a teburinsa, ya dawo ko ɗigon biro babu. Na yafe, amma har yau in na hango irin motarsa sai gabana ya faɗi.

Kada ki canza take. Ki kai wa mai duba aikinki labarin Stebbing, Baturen gandun daji da ya ce a 1935 Sahara na cinye ƙasarmu, kwamitin Ingila da Faransa ya zaga iyakar Najeriya da Nijar a 1936 da 1937 bai ga haka ba. Bayan farin 1973 wani masanin yanayi, Charney, ya danganta abin da ƙarewar ciyayi, aka yi ta zagin makiyaya, sai a 1986 bincike ya nuna zafin ruwan teku na da hannu babba. Wa ya ɗora wa talaka laifi, don me? Aikinmu ke nan.

Ki je gidan adana takardu na Kaduna, ki nemi rahotannin haraji da jangali, a nan farashin gero yake ɓoye. Amma tsofaffi tukuna, suna tafiya. Kakata ta rasu ban ɗauki muryarta ba, ita da ta san kowace yunwa da sunanta, wannan ya fi dariyar can ci mini rai. Ki ɗan koyi Faransanci saboda takardun Yamai.

Maganar samun aiki kuwa, sai haƙuri: 'yan tarihi su ce ke ta jogirafi ce, can su ce ba su san ki ba. Turo mini babinki na farko in duba, ni ba zan riƙe shi wata bakwai ba.