Waƙa Ta Ƙi Fita a Rediyon Mota: Amsoshin Tambayoyinku Kan Bluetooth

Daga Jega: Malam, idan aka kira ni, magana na fita ta sifikar mota lafiya lau. Amma waƙa ko karatu sai dai a cikin wayar. Na kai an yi mata filashin, hotunana duk sun tafi, matsalar kuma tana nan.

Allah Ya mayar da alheri, Malam, amma an bar jaki ana dukan taiki. Wayarka ba ta da laifin komai. Bluetooth na kai sauti ta hanyoyi biyu daban: ta kira, wato HFP, da ta sauti irin waƙa da karatu, wato A2DP. Taka ta kira ce kawai a buɗe. Shiga saitin Bluetooth, taɓa ɗan alamar da ke gefen sunan motar, za ka ga maɓallin "Media audio". Kunna shi. Sannan a rediyon ka dinga danna SRC ko MODE har ya nuna BT Audio, don mutane da yawa suna barin shi kan FM su zauna jiran waƙa. Idan babu wannan maɓallin a waya, kuma babu BT Audio a rediyon, to motar ce kira kaɗai ta iya. Haka wasu motocin Kwatano ƙirar wajen 2008 zuwa 2011 suke. Maganinsu ƙaramar na'urar karɓar Bluetooth da ake sokawa a ramin AUX.

Yanzu maganar filashin, don ta ishe ni. Waya ta yi tari, filashin. Ta yi atishawa, filashin. Mutum ya miƙa waya cike da hotunan suna da lambobin abokan ciniki, a goge masa ita tas, ya biya kuɗi, har da godiya. Abin takaicin ma, filashin kan ƙara dagula wannan matsalar. Ranar da aka fara haɗa waya da mota, kowacce tana ajiye makullin gane 'yar'uwarta. Ka goge na waya, motar tana riƙe da tsohon, sai su yi ta ƙin juna. Dole ka shiga jerin wayoyin da ke cikin rediyon ka cire taka, ka cire motar daga waya, ka sake haɗa su daga farko. In ta nemi lamba, gwada 0000 ko 1234. Kuma in har sai an sake saiti, Android na da wurin sake saitin WiFi da Bluetooth kaɗai, a ƙarƙashin "Reset". Minti ɗaya ne, ba ya taɓa hoto ko guda, sai dai ka sake sa kalmar sirrin WiFi. Duk mai gyaran da ya ce filashin kafin ya gwada wannan, karɓi wayarka ka yi gaba.

Daga Gusau: Wayata Tecno ce. Da allon ya mutu, bayan 'yan mintuna sai karatun ya tsaya.

Hajiya, tsarin tattalin batir ne ke kashe manhajar a bayan fage. Shiga saitin manhajar, Boomplay ce ko Audiomack, ki ba ta izinin amfani da batir ba takura. Waɗannan manhajojin "share waya" masu hoton tsintsiya kuma, ki share su su ma.

Direban haya, Birnin Kebbi zuwa Yauri: Waƙa na yankewa tana dawowa, musamman in na bar gari.

Ranka ya daɗe, wannan ya fi kama da sabis. Kana jawo waƙar daga intanet, kuma tsakanin garuruwa sabis na ɗaukewa. Gwada wadda ke ajiye cikin waya. In ta tafi sumul, ka sami ɓarawonka: sauke abin da za ka ji tun a tasha. In ita ma tana sarƙewa, kashe hosfot, domin shi da Bluetooth kan yi cunkoso a zango ɗaya, 2.4 GHz. Fasinjoji su sayi nasu datan. Ka kuma ɗauke wayar daga kan dashbod. Ranar watan Afrilu ta bayan gilashi na gasa ta, kuma waya in ta yi zafi tana rage gudun aikinta da kanta. Ni dai shawarata kullum ita ce filas, ƙaramar ma'ajiyar nan ta waƙoƙi, a ramin USB: ba sabis, ba batir, ba latse-latse kana tuƙi.

Daga Argungu: Ina amfani da modileta, na'urar nan mai aika waƙar waya zuwa rediyo ta FM, ta wurin kunna sigari. Akwai wani kuka siriri da ke ƙaruwa in na taka totur.

Hayaniyar altaneta ce ke biyo wutar motar. Fara da cire cajar da ka soka a jikin modiletar, sau da yawa ita ce. Nemi mitar FM da babu tasha a kanta ko kusa da ita, ka sa ta iri ɗaya a modileta da rediyo. Ɗaga sautin waya kusan ƙarshe, ka rage na rediyon, kukan zai nutse. In duk ka yi bai bari ba, modiletar ce ta banza, kuma ka san nawa ka saye ta.

Daga Talata Mafara: Sunan waƙa ba ya fitowa a allon mota, maɓallan sitiyari ma ba sa canja ta.

Buɗe "Developer options" a saitin waya, mayar da AVRCP, wato hanyar da ke kai sunan waƙa da umarnin maɓallai tsakanin waya da mota, zuwa 1.4, in bai yi ba 1.3, sannan ka sake haɗa wayar da motar.

Daga Zuru: Kullum motar wayar uwargida take kamawa ta bar tawa.

Alhaji, yawancin rediyo wayar da suka yi hulɗa da ita a ƙarshe suke nema. Ko ta kashe Bluetooth ɗinta kafin ka tayar da mota, ko ka cire sunan wayarta daga rediyon. Na biyun ya fi sauri, amma bayanin da za ka yi a gida ba ya cikin aikina.