Filin Makanike: Zafin inji a hanyar Ƙwanni, batir da iskar taya

Wasiƙun da suka iso mini wannan karon kusan duk kukan zafi ne, kuma ba abin mamaki ba ne. Daga watan Afrilu zuwa Mayu rana a nan Tawa tana wuce maki 40, har sai na sa tsumma kafin in ɗauki sifana da aka bari a waje. Na zaɓi guda uku.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Tawa: Ina da tsohuwar Toyota Corolla. Cikin gari lafiya lau take, amma in na ɗauki hanyar Ƙwanni da tsakar rana, kafin in kai Badagishiri allurar zafi ta haye sama. Kusan kowane mako sai na ƙara mata ruwan pampo. Wani ya ce in sa a cire kalorsta in huta. Me ka gani?

Amsa: Mushe, Allah ya saka da alheri da ka tambaya kafin ka cire. Kada ka cire wannan ƴar ƙofar ruwan inji.

Wurin da mota take yin zafi shi ne yake faɗa maka ciwonta. Wadda take zafi a tsaye ko cikin cunkoso, ta huce in an kama gudu, yawanci fankarta ce ba ta juyawa, sai a duba fizibil da wayoyin fankar. Taka akasin haka ce. A kan kwalta iska tana shigarta isasshiya amma duk da haka ta kasa hucewa, to zargina na farko ya faɗa kan radiyater, cewa ya toshe daga ciki. Kuma kai da kanka ka ba ni dalili, da ka ambaci ruwan pampo. Leƙa cikin butar da ake dafa shayi da ita a gidanka, za ka ga farin ɓawo ya kama gindinta. Wannan ɓawon shi ne yake taruwa cikin siraran hanyoyin radiyater har ruwa ya rasa wurin bi, ga tsatsa kuma tana cin famfon ruwa.

Ga abin da za ka yi da hannunka, da safe, inji yana sanyi ƙalau. Buɗe murfin radiyater ka haska ciki da fitilar wayarka. In ka ga ruwa ja kamar na tabki, ko farin ɓawo a bakin ramukan, magana ta fito. Juya murfin ka dubi robarsa, in ta tsage ko ta bushe ka sake shi. Mutane suna raina wannan murfin, alhali shi ne yake riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa. Ruwa a buɗe yana tafasa a maki 100, amma ƙarƙashin murfi mai kyau sai ya kai wajen 120. Murfin da ya saki kuwa yana barin ruwa ya tsere kaɗan-kaɗan, wataƙila ma shi ya sa kake ƙari duk mako. Sannan ka matsa manyan tiyo biyun, na sama da na ƙasa. Wanda ya yi laushi kamar dafaffen dankali ko ya kumbura a baki, kwanansa ya ƙare. Shimfiɗa kwali ƙarƙashin motar ta kwana a kai, gari na wayewa ka ga inda ya jiƙe. Fuskar radiyater kuma ka wanke ta da ruwa a hankali, daga ɓangaren inji zuwa waje, don ƙura da ciyawa da leda su fita.

Kalorsta ƴar ƙofa ce da ke tsare ruwa cikin inji har ya ɗumama, a yawancin Toyota tana fara buɗewa wajen maki 82. Tana iya maƙalewa, gaskiya ne, kuma gwada ta ba wuya: jefa ta cikin tukunyar ruwa a kan wuta, in ba ta buɗe baki ba kafin ruwan ya tafasa, ta mutu, sai ka sa sabuwa. Barin gurbinta wayam ba magani ba ne. Lokacin sanyi injin zai daɗe bai ɗumama ba, ya sha esansi fiye da ƙima, ya ci kansa da wuri. A wasu injinan ma ita ce take rufe ƴar gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa ba tare da ya shiga radiyater ba, ka ga in babu ita zafin na iya ƙaruwa.

In an wanke radiyater, ka zuba masa likid, wato ruwan sanyaya inji na galan, wanda aka yi domin wannan aikin. In ƙari ya kama ka a hanya, ruwan da aka tace irin wanda ake zuba wa batir ya fi na pampo nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar da allura za ta shiga ja kana tsakiyar daji. Kashe kilim nan take, ka sauka gefen hanya, ka kashe inji, ka ɗaga kapo. Kada ka taɓa murfin radiyater sai ka iya riƙe tiyon sama da hannu, ko da zai kai rabin awa ko fiye. Wani yaro da ya yi koyon aiki a wurina har yau akwai tabon ƙuna daga wuyan hannunsa zuwa gwiwar hannu saboda wannan gaggawar. Kada kuma ka kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi, ƙarfe yana iya tsagewa. Bara aka jawo mini wata mota da igiya, mai ita ya ce kilomita biyar kawai ya ƙara don ya isa gari. Da na buɗe murfin mai, abin da na gani kamar shayi da madara, ruwa ya riga ya gauraya da mai, juwan kilas, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone. Kai ma duba naka. In ka ga irin wannan launin, ko farin hayaƙi mai kauri yana fita bayan inji ya ɗumama, ko kumfa tana tasowa a bakin radiyater, aikin ya wuce gida, sai gareji.

Tambaya daga wata hajiya a Yamai: Batirina bai daɗe ba amma ya fara kasawa. Motar takan yi mako biyu ba a tashe ta ba. In na murɗa makulli sai in ji ƙas-ƙas kawai.

Amsa: Hajiya, barka da ƙoƙari. Kafin ki kashe kuɗi a kan sabo, sa a buɗe kapo a dubi kawunan batirin. In farin gari ko kore ya taru a kai, a cire wayar da ke da alamar ragi da farko, sannan mai alamar ƙari, a wanke da ruwan ɗumi da ɗan bikarbonat, a goge, a mayar a ɗaure tamau, mai alamar ragi a ƙarshe. Sau da yawa ƙas-ƙas ɗin nan a nan yake tsayawa. In bai tsaya ba, mai gyaran wutar mota ya auna miki a gabanki: batir mai cika yana nuna wajen bolt 12.6 in mota tana kashe, in tana aiki kuma wajen 14. In tana aiki amma awon bai tashi ba, laifin na altanater ne, wato abin da ke cika batir da wuta, kuma ko sabon batir kika sa haka zai mutu. Zafin Yamai yana ƙafar da ruwan batir, don haka in naki mai murafu ne a riƙa leƙawa duk wata, a ƙara ruwan da aka tace, ba asid ba. Ajiye mota ma yana zuƙe shi. Tashinta minti biyar a ƙofar gida bai isa ba, a zaga da ita kamar rabin awa duk mako, kuma a samar mata inuwa.

Tambaya daga wani matashi mai tuƙa Hilux tsakanin Tawa da Abalak: Direbobi suna cewa a rage iskar taya lokacin zafi don kada ta fashe. Gaskiya ne?

Amsa: A'a, ɗana. Tayar da ba ta da isasshiyar iska ita ce take lanƙwashewa a kowane juyi, ta ɗauki zafi, ta fashe da kai cikin gudu, balle da lodi. Cikin rairayi kana iya ragewa don kada ka kafe, amma da ka hau kwalta ka mayar. Awon da ya dace yana manne a jikin ƙofar direba, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. In za ka sayi ta hannu, nemi lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefenta. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Wadda ta haura shekara shida, ko ka ga ƙananan tsage-tsage a gefenta, ni ba zan sa ta a motar da ke ɗaukar mutane a wannan hanyar ba, ko da zanenta bai goge ba.