Birki a Filin Tsere: Fad, Faifai ko Mai, Wanne Za a Fara Sauyawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a birnin Nottingham na ƙasar Ingila, kuma a watan jiya na kai motata filin tsere na Donington Park, a irin ranakun da ake buɗe wa jama'a su shiga da motocinsu na gida. Motar ƙarama ce, nauyinta bai wuce kilo 1,300 ba, kuma ban taɓa sauya komai a birkinta ba. A zagaye na biyar sai na ji fedar birki ta yi laushi har ta kusa taɓa ƙasa, ga warin ƙonewa, dole na fito. Bayan kamar rabin awa birkin ya dawo daidai. Wani mai shagon kayan mota ya ce in sayi faifan birki mai huda-huda da fad irin na motocin tsere. Ina neman shawararka kafin in kashe kuɗin. Daga wani mai karatu a Nottingham.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka kyauta da ka fito tun a alamar farko, domin birkin da ya yi laushi a wannan kwana yana iya ƙwacewa gaba ɗaya a kwana ta gaba. Sai dai shawarar mai shagon ta tsallake ainihin abin da ya same ka, kuma da ka bi ta, da ka kashe kuɗi mai yawa ka koma filin da matsalarka.

Aikin birki shi ne mayar da gudun mota ya zama zafi. Idan motarka tana gudun kilomita 160 a awa, ka taka birki ta sauko zuwa 60 domin shiga kwana, zafin da ake samarwa cikin daƙiƙa uku ko huɗu ya kai wanda zai tafasa ruwan sanyi kusan lita uku da rabi, kuma mafi yawansa yana sauka ne a ƙafafun gaba, saboda nauyin mota yana rinjaya gaba a duk lokacin da aka taka birki. Idan gudu ya ninka sau biyu, zafin yana ninkawa sau huɗu. A kan titi mutum yakan yi irin wannan taku sau ɗaya ya daɗe bai sake ba, amma a filin tsere ana maimaita shi sau da yawa a kowane zagaye, tun ƙarfen bai gama hucewa daga na baya ba. Direbobin manyan motoci da ke gangarowa Hawan Kibo da kaya sun san wannan sarai, shi ya sa mai hankali a cikinsu yake sauka da ƙaramar giya.

Zafi yana kashe birki ta hanya biyu, kuma ƙafarka ce za ta gaya maka wacce ce. Idan feda tana da tauri kamar kullum amma mota ta ƙi tsayawa, fad, wato abin da ke goga faifan birki (dis) domin mota ta tsaya, shi ne ya wuce zafin da zai iya ɗauka, domin sinadarin da ya haɗe shi ya fara ƙonewa, ya daina kama faifai. Idan kuwa feda ta yi laushi ta nutse, man birki ne ya tafasa a cikin kalifa, wato ƙarfen da ke matse fad a jikin faifai. Ba a iya matse mai ya ƙanƙance, amma ana iya matse tururi, saboda haka ƙarfin ƙafarka yana ƙarewa ne wajen danne kumfa. Abin da ka bayyana, har da dawowar birkin bayan ya huce, na biyun ne, ko da yake warin da ka ji yana nuna fad ɗin ma ya sha wuya.

Don haka da mai za ka fara, kuma shi ne mafi araha a cikin kayan duka. Ana rarraba man birki ne da lambar DOT da ke jikin gorarsa, kuma ƙa'idar DOT 4 ta tanadi cewa sabon mai ba zai tafasa ƙasa da digiri 230 na Selshiyas ba, amma man birki yana shan danshi daga iska a hankali, kuma idan ruwan da ke cikinsa ya kai kashi 3.7 cikin ɗari, ƙa'idar ta yarda ya sauko har digiri 155. Na DOT 3 kuwa 205 ne da 140. Wanda ya shekara biyu ko uku bai sauya mai ba, yana iya kasancewa kusa da ƙananan lambobin nan bai sani ba. Ka sa a zubar da tsohon gaba ɗaya, a zuba mai jure zafi irin Motul RBF 600, wanda sabonsa ke haura digiri 300, ko Castrol SRF, wanda ya fi tsada amma ko ya sha danshi yana kaiwa wajen digiri 270. A yi bilidin, wato fitar da iskar da ta maƙale a layin man birki, da kyau a ƙafafu huɗu, a riƙa maimaitawa kafin kowace ranar fili. Ka kiyayi DOT 5, wanda aka yi da silikon, domin ba ya haɗuwa da sauran, kuma kada kamannin suna ya ruɗe ka da DOT 5.1, wanda shi yana haɗuwa da su.

Sai fad. A nan mai shagon yana da rabin gaskiya. Fad ɗin da ke zuwa da mota an yi shi ne ya kama da sanyin safiya, ya yi shiru, kada ya ɓata wili da ƙura, kuma yakan fara sarewa idan zafi ya kai wajen digiri 300 zuwa 400, alhali faifai a filin tsere yana iya haura 600. Amma fad na tsere zalla, irin Hawk DTC-60 ko Ferodo DS1.11, yana da nasa sharaɗin: sai ya ɗauki zafi yake nuna ƙarfinsa, yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, yana zubar da ƙura, kuma idan ana yawo da shi a sanyaye yana cin faifai. Ga mai farawa kamarka, wanda da motar zai je filin kuma da ita zai koma gida, na fi son na tsaka-tsaki, irin Ferodo DS2500 ko EBC Yellowstuff. Ka duba kwalin ko yana ɗauke da shaidar ECE R90, wadda ake nema ga fad ɗin da za a hau titi da shi a Birtaniya da Turai, kuma ka sanar da kamfanin inshorarka duk sauyin da ka yi. Kada ka shiga fili da fad ɗin da ya ci fiye da rabi, domin siririn fad yana saurin miƙa zafi ga kalifa, daga nan kuma ga mai.

Game da faifai, wanda kanikawa ke kira dis, ina ba ka shawara ka bar mai huda-huda a shagon. Yana da kyan gani a bayan wili, ba na musu, amma kowace huda wuri ce da tsagewa ke farawa idan ƙarfe yana ta zafi yana hucewa, kuma hudar tana rage nauyin ƙarfen da ake buƙata domin ya shanye zafi. An soma yin ta ne a zamanin da fad ke fitar da hayaƙi mai yawa tsakaninsa da faifai, matsalar da ta ragu ƙwarai a fad na yanzu. Sumul ɗin faifai na ƙarfen zubi mai inganci, mai hanyoyin iska a tsakiya, ya ishe ka. In kana son ƙari, ka ɗauki mai zane-zanen kwari a fuska, wanda ke share fuskar fad, ko da yake yana cin sa da sauri. Idan faifanka na yanzu bai sauka ƙasa da kaurin da aka buga a jikinsa ba, kuma babu tsagar da ta kai baki ko wadda farce ke maƙalewa a ciki, babu dalilin cire shi. Manyan faifai masu hula ta alminiyam da kalifa mai fistin huɗu ko shida, wannan magana ce ta nan gaba.

Akwai wani aiki da mutane ke rainawa, wato sabar da sabon fad da faifai. Ka nemi hanyar da babu kowa, ka kai gudun kilomita 100, ka taka birki da ƙarfi zuwa kamar 15 ba tare da ka tsaya cak ba, ka maimaita sau takwas zuwa goma, sannan ka yi tafiyar minti goma ba ka taɓa birki ba sai dole. Wannan yana shimfiɗa siririn shafi na sinadarin fad a fuskar faifai daidai wa daida. Yawancin girgizar sitiyarin da ake cewa faifai ne ya lanƙwashe, shafin nan ne ya taru a wuri ɗaya. Idan kamfanin fad ɗin ya rubuta tasa hanyar a kwali, ita za ka bi.

A filin kuma, ka riƙa taka birki da ƙarfi a taƙaice maimakon jan sa a hankali tun daga nesa, ka yi zagayen ƙarshe cikin natsuwa domin iska ta ratsa, kuma idan ka tsaya kada ka ja birkin hannu ko ka bar ƙafa a kan feda, sai dai ka sa motar a giya. Idan bayan duk wannan zafin bai daina damunka ba, tiyon iska daga bamba zuwa tsakiyar faifai zai fi maka sabon faifai amfani. Ka kuma sani cewa tazarar da mota ke tsayawa a taku ɗaya, taya ce ke yanke ta, kuma ranar da ka sa taya mai kama ƙasa sosai, zafin birkin zai ƙaru.

TAMBAYA: Malam, ni a Kano nake, ba na zuwa wani tsere. Idan na sa fad na tsere a motata, ba za ta fi tsayawa da sauri a cikin gari ba? Daga wata mai karatu a Tarauni.

AMSA: A'a, Hajiya, zai iya ma rage miki kamun birki a takun farko da safe, lokacin da ƙarfen ke da sanyi, kuma a cikin gari ba za ki taɓa kai shi zafin da yake so ba. Ki nemi fad na asali mai inganci daga wurin da kika amince da shi, ki sa a sauya man birki duk shekara biyu da sabuwar gora da ba a buɗe ba, sauran kuɗin kuma ki saka su a tayoyi masu kyau, kina duba lambobi huɗun ƙarshe na jerin da ya fara da DOT a gefen taya, waɗanda ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta.