Zauren Masu Zane: Ina so in zana tashar jiragen ruwa a fili, ta ina zan fara?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba Malam. Ni matashi ne mazaunin Kubwa, tela ne ni, da dare kuma nakan taɓa zane. Bayan Sallah zan je Legas wurin kawuna, direban tirela ne da ke ɗauko kwantena daga Apapa. Burina in zauna a bakin ruwa in zana tashar jiragen ruwa da idona. Damuwata ita ce, duk ruwan da na zana daga hoton waya sai ya fito kamar an shanya shuɗin yadi, jiragen kuma sai ka ce ɗora su aka yi a kai. Ban taɓa zane a waje ba. Me zan riƙa, kuma ta ina zan fara?

Mai karatu daga Kubwa

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sa albarka a hannun. Abin da zan fara faɗa maka shi ne kada ka jira Legas. Ruwa ne ke ba ka wahala, kuma ruwa akwai shi a nan Abuja. Asabar mai zuwa ka yi sammako ka nufi tafkin Jabi, ka samu gindin bishiya inda kake hango ƙananan jiragen da ake ɗaurewa a gefe. Idan ka iya ruwan Jabi, ka ci rabin aikin Apapa tun ba ka shiga mota ba.

Laifin shuɗin nan naka, rabi na waya ne. Waya tana ƙara wa launi armashi, tana kuma danne abin da ke cikin inuwa. Sauran rabin kuwa tun firamare muka ɗauko shi, inda aka ce mana ruwa shuɗi ne, muka riƙe. Don haka idan ka isa Jabi, kada ka buɗe jaka tukuna. Zauna ka zuba wa ruwan ido. Wanda ke kusa da ƙafarka za ka gan shi da duhu, kore-kore mai ratsin ruwan ƙasa, domin daga sama kake leƙa cikinsa, launin laka da gansakuka kake gani. Ɗaga ido zuwa tsakiya, sai ka ga ya fara haske. Can nesa, kusa da ɗaya gaɓar, a kaikaice kake kallonsa, shi ya sa launin sama kawai yake mayar maka. In hazo ya sauko a watan Janairu, sama fari-fari take, to haka ruwan nesa zai kasance, ko ɗigon shuɗi babu. In hadari ya haɗo a watan Agusta, toka-toka mai nauyi za ka gani. Inda iska ta shafa kuma, wani zirin launi ne daban yake ratsawa a kwance. Ka ga ke nan a tafki ɗaya, a safiya ɗaya, kana da launi uku ko huɗu.

Sai hoton da abubuwa ke yi a cikin ruwa, wanda a nan ne yawancin ɗalibaina ke tuntuɓe. Hoton jirgi yana sauka ne kai tsaye a ƙarƙashinsa, ya miƙo wajenka, ba ya karkata gefe yadda inuwa ke yi. Farin jirgi, hotonsa a ruwa ya fi shi duhu. Baƙin jirgi, hotonsa ya ɗan fi shi haske. Idan ruwan na motsi, hoton zai ƙara tsawo ya kakkarye. Yadda nake yi, nakan fara jan launin daga ƙasan jirgin zuwa ƙasa da faffaɗan burushi, tun fentin bai sha iska ba sai in ratsa shi a kwance da launin sama, sau biyu ko uku, in ɗage hannu. Igiyoyin ruwa na kusa manya ne, da tazara tsakaninsu. Na nesa sirara ne, a matse, har su ɓace.

Jiragenka da suke kamar an ɗora su, dalilin shi ne kana zana musu ciki gaba ɗaya. Jirgi nutse yake a ruwa zuwa wani wuri, kuma inda jikinsa ya haɗu da ruwan akwai siririn duhu. Sa wannan duhun, ka ɗan bar ruwa ya ci gefen, za ka ga jirgin ya zauna. Kafin duk wannan, ja layin da ruwa ya ƙare a can nesa, ka tabbata a miƙe yake. In ya karkace ko kaɗan ne, mai kallo zai ji kamar ruwan zai zube ta gefe. Kai tela ne, ba sai na koya maka awo ba. Kada dai ka raba allon biyu daidai. Zaɓi wanda ya fi ba ka sha'awa a ranar, sama ko ruwa, ka ba shi kashi biyu cikin uku.

Kayan aiki kada su fi ƙarfin jakar goyo. Allo ƙarami, wanda bai wuce girman takardar fotokwafi ba, guda biyu ko uku. Launi biyar sun isa: fari, shuɗi, ja, rawaya, da ruwan ƙasa. Ni ba na fita da baƙi. Haɗa shuɗi da ruwan ƙasa, za ka samu duhu mai rai, ka ƙara fari ya ba ka duk tokar da tashar jirgi ke buƙata. Burushi uku, babban ya zama faffaɗa. Fensir, gorar ruwa, abin maƙale takarda saboda iska, malafa, da ƙyallayen da ke zube a ƙarƙashin kekenka don goge burushi. Ka kuma yanke tsakiyar kwalin sabulu ya zama 'yar taga, ka riƙa leƙa wurin ta ciki. Bakin ruwa faɗi gare shi, ido yakan rasa inda zai tsaya, wannan kwalin shi zai yanka maka abin da zai shiga allo.

Allo da farantin haɗa launi su kasance a inuwa duka biyun. In rana na dukan allon, komai zai yi maka haske fiye da kima, ka yi ta ƙara duhu, sai ka koma gida ka tarar zanen ya yi baƙi. Sannan lokaci. Awa biyu gare ka, ba ƙari, domin bayan haka inuwoyin sun tashi daga inda ka same su. Da farko yi ɗan zane da fensir mai girman tafin hannu, ka nuna inda haske yake, inda duhu yake, da abin da ke tsakani. Wannan shi ne jagoranka har ka tashi. In ka ce za ka bi rana tana tafiya kana gyarawa, hantsi da azahar za su cakuɗe maka a allo ɗaya. Jirage kuwa su za ka fara kamawa, don mai kwale-kwale ba zai jira ka ba.

Bari in ɗan ratse, don ka san irin sahun da za ka shiga. A da, masu zane a Turai cikin mafitsarar dabba suke ɗura fenti, fita da shi wahala ce. A 1841 wani Ba'amurke mai suna John Goffe Rand ya ƙirƙiro 'yar kwalbar ƙarfe mai laushi da ake matsawa, daga nan zane a fili ya yi sauƙi. Claude Monet na Faransa, wanda Eugène Boudin ya ja shi zuwa zane a waje tun yana saurayi, ya zana tashar jiragen ruwan Le Havre da sanyin safiya a 1872, ya sa wa zanen suna Impression, soleil levant. Da aka baje zanen a Paris a 1874, wani mai sharhi ya yi masa ba'a, kuma daga sunan wannan zanen aka raɗa wa salon zanen Monet da abokansa suna Impressionism. Ka neme shi a intanet ka duba da kyau. Faɗinsa santimita 63 ne, tsayinsa 48. Turakun jirage da injinan ɗaga kaya duk a cikin hazo suke, ba a fayyace ko ɗaya ba. Kwale-kwalen gaba ɗan duhu ne da bai wuce shafa biyu ko uku ba. Rana ruwan goro ce, amma in ka mayar da hoton baƙi da fari a wayarka, sai ta kusa ɓacewa, domin nauyin haskenta daidai yake da na saman da ke kewaye da ita. Wannan dabarar ka riƙe ta: ɗauki hoton zanenka ka cire masa launi, nan take za ka ga ko haske da duhunka sun zauna. A nan ne waya ke da amfani ga mai zane.

Yanzu Legas. Apapa da Tin Can, wadda aka buɗe a 1977, wurare ne masu tsaro, ƙarƙashin Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Najeriya, ga kwastan ga sauran jami'ai. Ina roƙon ka, kada ka zauna a bakin ƙofa ka baje takarda ba tare da izini ba, kada kuma ka jawo wa kawunka matsala a wurin neman abincinsa. Ko an bar ka ma, daga ciki bangon kwantena kawai za ka gani. Tashar ta fi kyau daga tsallake. Daga wajen Marina kana hango Apapa a ƙetaren ruwa, akwai kuma jiragen fasinja da ke zirga-zirga tsakaninsu. Tarkwa Bay, wadda da jirgi ake zuwa, nan manyan jirage ke wucewa in za su shiga. Ko'ina ka zauna, yi sallama ga masu wurin, ka nuna musu littafin zanenka. In za ka hau ruwa, sa rigar kariya.

Abu biyu za su bambanta da Jabi. Teku tana cikowa tana janyewa kusan sau biyu a kwana ɗaya, awa shida da 'yan mintuna tsakanin cika da janyewa, kuma kowace rana lokacin yana jinkirta da kimanin minti 50. Jirgin da ke kan anga, wato ƙarfen da ake jefawa a ruwa don tsayar da shi, zai iya juya maka baya kana tsakiyar zana gabansa, turakun da ke nutse su fito. Na biyu, iskar Legas da laima take, fentin da ke bushewa nan take a hunturun Abuja zai daɗe a jiƙe a can, sai ka yi haƙuri kafin ka ɗora wani a kai. Kwantenoni kuma kada ka ƙirga su. Ɗan runtse ido, za ka ga sun haɗe sun zama dunƙule ɗaya mai ratsin ja da shuɗi, haka za ka sa su. In motarku ta Lokoja za ta bi, ajiye littafi da fensir a kusa, ko an tsaya cin abinci ka samu kwale-kwalen masunta a kogin Kwara.

TAMBAYA

Malam, ina sha'awar zanen fili amma abu biyu ke hana ni. Ina tsoron ko haramun ne, ina kuma jin kunyar mutane su taru a kaina.

'Yar'uwarku daga Garki

AMSA

Malama, fatawa ta malamai ce, ki tuntuɓi wanda kika amince da iliminsa. Abin da aka sani dai, an ruwaito cewa wani mai sana'ar yin hotuna ya tambayi Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da shi, ya ce masa in ba makawa sai ya yi, to ya yi bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Ruwa, dutse, jirgi da sama duk a nan suke, kuma zanen bakin ruwa yana cika ba tare da mutum ko ɗaya a ciki ba.

Taruwar mutane kuwa, za su taru, musamman yara. Ki tafi da ƙanwarki ko wata ƙawa, ki jingina bayanki da bango ko bishiya don kada a tsaya miki a ka. Ki fara da ƙaramin littafi a kan cinya, da safe a ranar aiki, lokacin da bakin tafkin Jabi bai cika ba.