Amsa ga Yaya kan taron cikar 'yata shekara ɗaya a Hawai

Yaya, na ga saƙonka bayan sallar asuba, ku kuma a lokacin rana ta yi sanyi, tunda awa 11 ne tsakaninmu. Ka ga hoton yarinya da sarƙar furanni a wuya, ga mutane sun kewaye rami yana hayaƙi, sai ka tambaye ni ko alade muka ci. Ba zan ɓoye maka ba, maganar ta sosa min rai. Shekarata 14 a tsibirin Owahu na jihar Hawai ta Amurka, Juma'a ba ta wuce ni a masallacin Manowa sai da lalura, kuma ka san gidan da muka tashi.

Suna mun yi shi ran bakwai, an yanka rago, an yi aski, kamar yadda aka yi mana a Zariya. Abin da ka gani daban ne. Dangin matata, 'yan asalin Hawai, suna babban taro idan yaro ya cika shekara, suna kiransa luwau. A da jarirai da yawa ba sa kaiwa, to wanda ya kai sai a tara dangi a yi murna. Ranar da surukata ta faɗa min haka, Inna ce ta faɗo min a rai, da ƙannenmu biyu da ta binne kafin yaye. Daga nan ban ƙara ja ba.

Alade kam shi ne babban namansu a irin wannan taro. Rami suke haƙawa, sunansa imu, a gasa duwatsu su yi ja, a shimfiɗa kututturen ayaba da aka farfasa, a ɗora nama, a rufe da ganye da ƙasa ya kwana. Amma surukina, dattijo mai ciwon gwiwa, da hannunsa ya haƙa sabon rami, ya nemo sabbin duwatsu, ya ce kada abin da ya taɓa alade ya taɓa abincin jikarsa. Ni na yanka ragon da talotalo biyu. Da aka buɗe ramin da hantsi, naman yana zarewa daga ƙashi da yatsa biyu.

Tuwonsu kuwa gwaza ce, irin wadda muke rainawa a gida. Dafawa suke su kirɓa da ruwa har ta yi yauƙi, a ce mata poyi, idan ta kwana biyu ta yi tsami. Sunan luwau ɗin ma daga ganyen gwaza ya samo asali. Suna girmama ta ƙwarai: muddin kwanon poyi yana buɗe, ba a yin faɗa a wajen cin abinci. Akwai haupiya ta madarar kwakwa, mai daɗi, da ɗanyen kifi da suke kira poke, wanda har yau ban iya ci ba. Ka kuma yi maganar maza da mata a tabarma ɗaya. Su ma a da raba su ake yi, sai a 1819 Sarki Kamehameha na Biyu ya zauna ya ci tare da mata, dokar ta faɗi. Mu dai 'yan'uwa Musulmi da suka zo an ware musu rumfa, kuma a nan muka yi azahar.

Kun cika cewa wanda ya auri baƙuwa ya sayar da 'ya'yansa. Mutanen nan suna riƙon 'ya'yan dangi kamar yadda Goggo ta riƙe ka, kuma yaro ba ya kiran babba da gatsal ɗin sunansa. Matata ta musulunta tun kafin aure. Babban ɗana yana durƙusawa ya gaishe ni da Hausa, ya sha miyar kuka ya suɗe kwano. Hausarsa ba ta kai ta 'ya'yanka ba, na yarda, don Hausawan da ke nan ba mu cika tabarma ɗaya ba. Shi ya sa nake roƙonka ka riƙa kiransa a waya ran Lahadi. Tun bara nake faɗa, sau ɗaya ka kira.